Sanarwa kan aikin dashe na ranar Asabar

Salam ƴan uwa, dan Allah masu zuwa gidan rainon shuke-shuke ranar Asabar kowa ya zo da almakashinsa, a goge shi da sifirit kafin a taɓa kowace shuka, ta nan cuta take tsallakawa daga tukunya zuwa tukunya.

Da pothos, shukar adon nan mai yaɗo, za mu fara tunda ba ta da wahala, amma fa a yanka ƙasa da gaɓa, wajen ɗan kumburin nan da ganye ya fito, daga nan saiwa take tsirowa, in ka tsoma ganye zalla a ruwa zai daɗe yana kore shar amma ba zai taɓa yin reshe ba. Ruwan a riƙa canja shi duk sati.

Sansevieria kuwa, shukar adon nan mai dogayen ganye masu kauri a tsaye, in an yanka ganyen a bar shi kwana 2 bakin ya bushe, kuma kar a dasa shi kai ƙasa. Mai ratsin rawaya a gefe ita kam daga tushe ake raba ta, in ba haka ba ƴaƴan ba ratsi za su fito.

Masu yawan ban ruwa kun san kanku, a tsoma yatsa a ƙasar tukuna, in da danshi a ƙyale ta.