Ka ce wa Auta ya sayi filashi biyu

Dogo,

Assalamu alaikum. Ina Hajiya, ina amarya da ɗan mai sunan Baba? Na san ka yi fushi. Wata huɗu ke nan saƙon muryarka yana cikin wayata, kullum in ce gobe. Ka yi haƙuri. Yau dai ba zan kwanta ba sai na rubuto maka, domin abin da ke cikina ya fi ƙarfin saƙon minti biyu.

Dogo, sun kira ni karo na biyu! Daren Alhamis ɗin da ya wuce aka ba ni awa ɗaya a wani wuri bakin teku can wajen Ubhur, nan Jidda, daga ƙarfe 9 zuwa 10, ni na buɗe wa babban di-je fili. Shekaranjiya mai kula da wurin ya bugo ya ce in shirya wa wata mai kamawa, kuma wannan karon awa ɗaya da rabi. Ina ajiye wayar na yi sujada. Kai kaɗai ka san shekara nawa na yi ina dakon sifiku daga istiraha zuwa istiraha, gidajen nan da ake haya don biki, don har da kai a dakon, ko da yake kullum ƙaramar kake zaɓa kana cewa bayanka.

Kafin in manta, sai ka ji ta Inna. Ta ji yara suna cewa maganar di-je ta kankama, sai ta kira ni ɗaki ta rufe ƙofa, ta ce wace Dijen ce, 'yar gidan wa, kuma me ya sa ita ce ta ƙarshen ji. Har yau in ta gan ni da jaka zan fita sai ta ce a gaida Dije. Kawu Malam kuwa bai ce komai ba, kuma shirunsa ya fi min faɗa ciwo. Na je na zauna gabansa na gaya masa wurin babu giya, ƙasar ma ka sani ba a sayar wa jama'a, kuma ban taɓa barin salla don kiɗa ba. Ya ce Allah ya shirya mu. Ina ta juya wannan addu'ar a raina.

To, maganar Auta. Ka ce yana son zama di-je na sosai, irin na manyan kulob na Abuja, ba na ɗaurin aure da suna kaɗai ba, kuma ya rasa manhajar da zai kama. Bari in ba ka labarin abin da ya same ni, shi ne amsar.

Wata takwas da suka wuce aka fara gwada ni a wani wuri. Na tafi da kwamfutata da kwanturolata, na'urar haɗa kiɗan da ake jona wa kwamfuta, waƙoƙina duk a shirye cikin manhajar VirtualDJ, yadda na saba shekara bakwai. Ina hawa sai na tarar da CDJ-3000 guda biyu, na'urorin da ke buga waƙa daga filashi ba sai da kwamfuta ba, da miksa a tsakiya, teburin ya cika, ko wurin ajiye kofin shayi babu. Mutumin ya miƙo hannu ya ce ina filashinka. Ina da filashi, amma waƙoƙi ne kawai na zuba a ciki kamar yadda masu turi ke zuba wa mutane. Na'urar ta karanta su, ta kuma buga su, sai dai babu alama ko ɗaya daga cikin waɗanda na sa a gida, babu jerin da na tsara. Minti 20 na yi ina lalube ina gumi. Suka yi min godiya cikin mutunci, ba su sake kira ba. Ban gaya wa kowa ba sai kai yanzu.

Abin da na gane daga ranar shi ne, manyan wurare da kayansu suke jiran ka, kuma kusan duk inda ka leƙa kayan Pioneer DJ ne, kamfanin Japan ɗin nan da ya koma AlphaTheta a 2020. Manhajarsu ita ce rekordbox, tun 2009 ta fito tare da CDJ-2000. Aikinta a gida ake yi. Ka zuba mata waƙoƙi, ta auna kowace: bugu nawa take yi a minti, a wane sauti take, ina kiɗan ya yi kauri, ina ya lafa. Kai kuma ka bi ka sa alama, nan zan shigo, nan murya ta fara, nan zan fita. Ka jera su yadda kake so, ka kwashe a filashi. In ka je ka soka filashin a na'urarsu, duk wahalar da ka sha a ɗaki sai ta fito a allo kamar ka taho da ɗakin. Kuma wannan ɓangaren na shirya filashi ba a biyan ko riyal ɗaya. Tun bayan azumi nake wannan aikin, waƙa ɗaya bayan ɗaya, bayan na tashi daga shago. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Kada ka ji haka ka ce na yar da VirtualDJ. Ita ta ciyar da ni, har gobe da ita nake zuwa biki. Ka san bikinmu: uwar amarya ta aiko a sa mata waƙar da ta ji a waya jiya, ƙawaye su ce a haska hotuna a bango, dangin ango 'yan Sudan su ce saura tasu. A irin wannan hargitsin ban ga kamarta ba. Tana ɗaukar bidiyo, tana aiki da kusan kowace kwanturola, a gida kuma kyauta ce in ba ka haɗa mata kaya ba, kuma tun 2020 take iya cire muryar mawaƙi ta bar maka kiɗan zalla kana cikin bugawa. In biki Auta ke so, da na ce ya zauna a nan. Amma kai ka ce kulob.

Serato ce ta sa na tsaya tunani kafin in yanke masa hukunci. 'Yan New Zealand ne suka yi ta, kuma tun 2004 masu goga faifai da hannu suka rungume ta, saboda ta ba su damar juya faifai a kan tantebur alhali waƙar daga kwamfuta take fitowa. Masu tsalle daga wannan salo zuwa wancan cikin sauri suna ƙaunarta har yanzu. Ita dole sai da kwamfuta a gabanka. Ana iya haɗa ta da CDJ da kebul, amma ka yi tunanin kana zare kebul kana soka kebul cikin duhu, wanda za ka karɓa yana kan waƙarsa ta ƙarshe, jama'a na kallo. Akwai kuma Traktor ta 'yan Jamus. Ɗan Sudan ɗin nan na shagon kusa da mu, mai gyaran allon waya, ita yake bugawa, kuma abin da yake yi da waƙa huɗu a lokaci ɗaya sai ka riƙe baki. Sai dai shi ma ranar da aka gayyace shi Riyad, wurina ya zo muka kwana muna shirya masa filashi.

Saboda haka ga saƙona, ka karanta masa da bakinka don kai yake jin tsoro. Ya daina tambayar mutanen intanet wacce ta fi. Ya sa rigarsa mai kyau ya je wurare uku da yake mafarkin yin aiki, ya gaida di-jen wurin da ladabi, ya kalli teburin. In filashi ya ga ana sokawa, rekordbox. In ya ga kowa da kwamfutarsa da Serato, to ita. In sun rabu biyu, ni rekordbox zan ce, domin ita za ta bi shi duk ƙasar da ya je. Kwanturola kuma ya nemi DDJ-FLX4, ƙarama ce, ta fito a 2022, tana aiki da su biyun, kuma an jera maɓallanta kusan yadda na manyan suke, hannunsa zai saba tun daga gida. Tawa ta hannu na saya. In kuɗin bai taru ba tukuna, akwai Mixxx, kyauta ce gaba ɗaya, ya fara koyon haɗa bugu da ita. Manhajar sata dai kada ya kusance ta. Ba a kai abin da ba a amince da shi ba gaban mutum ɗari uku.

Af, mai shayinmu na bakin masallaci ya ƙara aure, kuma ka san wa? Ƙanwar mai wankin nan da kuka yi rigimar shadda. Na je ɗaurin auren, na ga mutanen unguwa da rabona da su tun da aka rushe Karantina a 2022. Kowa ya watse, wasu Makka, wasu can kudu, wasu irinku gida. Tsofaffi suka yi ta kuka ana dariya. Kowa ya tambaye ka, na ce ka yi tumbi ka zama Alhajin Kano.

Wa zai ce mana a wancan lokacin haka garin zai koma? Mu da muke rage sauti in mun ji mota ta tsaya a ƙofar istiraha. Ga shi tun Disambar 2019 ake yin bikin kiɗan Soundstorm a Banban kusa da Riyad, ga Balad Beast a tsakiyar Balad, tsohon garin Jidda, cikin lungunan da muke sayen balila. Wani lokaci ina tsaye a can sai in ji kamar ba garin da aka haife ni ba.

Amma bari in gaya maka abin da ya sa suka sake kirana, don a nan Auta zai fi amfana. Duk manhajojin nan da kiɗan Turawa aka raine su, mai tafiya hurhuɗu, wanda inji ya buga, bugu 120 zuwa 128 a minti ba ya gaba ba ya baya. Amapiano ma, da ke wajen 112, ba ta ba su wahala. Ka ba su kalangu ka gani! Namu sau da yawa uku-uku yake tafiya, kuma hannun mutum ne, makaɗi in ya ga an fara liƙi sai ya ƙara wuta. Manhajar sai ta auna shi a karkace, ta ba ka lissafin da in ka yarda da shi ka danna maɓallin daidaitawa, kiɗa biyu su yi ta karo kamar raguna. Na Sudan da na 'yan ƙasa masu tafi ma haka suke yi mata. Dole ka zauna ka gyara layukan da hannu, kuma dole kunnenka ya iya aikin ba tare da allo ba. Ni takarda nake liƙawa a kan lambobin in ina atisaye.

Ka tuna kalangun da na ɗauka a bikin 'yar Goggo, wanda tsohon nan ya buga har fata ta kusa fashewa? Dare uku na yi ina daidaita daƙiƙa 40 daga ciki. Ranar Alhamis, saura minti 10 in sauka, na ɗora shi a kan wani kiɗa mai nauyi. Dogo, wurin ya motsa. Larabawa, 'yan Habasha, Turawa, kowa ya juyo. Can baya na hango wasu samari biyu sun ɗaga hannu suna ihu da Hausa. Idona ya cika. Babban di-jen da kansa ya dafa ni ya tambayi sunan gangar.

Ka gaya masa kuma waƙoƙin da aka turo ta WhatsApp ko aka tatso daga bidiyo ba sa zuwa ko'ina. A waya suna da daɗi, a manyan sifiku sai su fito kamar ana soya ƙosai. Ya nemi MP3 mai 320 ko WAV, ya saya in da hali. Filashi biyu, masu kyau, iri ɗaya a ciki, a tsara su a FAT32 don tsofaffin na'urori ma su karanta. Ɗaya a aljihun wando, ɗaya a jaka.

Akwai wani abu da ka tambaya a ƙarshen saƙon, ina jin kan kwamfutar da zai saya ne ko kan kuɗin da ka ce na ci maka, an kira sallar asuba ba zan koma in saurara yanzu ba. Sake turowa. In 'yan Umara na gidanku za su taso, a haɗo ni da yaji da kilishi, na Inna daban don ba ta rabawa. Kuma don Allah duk bikin da ka ji an kawo masu kalangu ko kotso, ka matsa kusa ka ɗaukar min, ka riƙe wayar da kyau, kada ka yi ta surutu a kai yadda ka saba.

Ka gaida Hajiya, ka ce ta sa ni a addu'a kan maganar Kawu.

Naka,
Angon Dije