Amsa Ga Shugaban Fada: Abin Da Ya Hana Ni Sa Hannu A Takardar Kwalta

Ɗana, assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da ƴan fadarku, majalisar samarin unguwa, gaba ɗaya.

Tambayar da ka yi mini a taron unguwa, wadda kuma ka maimaita a gidan rediyo ranar da aka buɗe layin waya, ta iso ni. Ka ce: "Baba, kai da ka ƙare ƙuruciyarka a aikin hanya, me ya sa kowa ya sa hannu a takardar neman kwalta ban da kai? Ko ƙurar da muke shaƙa ba ta shiga gidanka ne?" Tun da a bainar jama'a ka yi ta, a bainar jama'a zan amsa. Na san akwai masu wannan tambaya a ransu, ganin furfura ne kawai ya hana su furtawa.

Ƙura tana shiga gidana, har cikin tukunyar miya. Kwalta kuma ba ƙin ta nake ba. Takardar ce ban yarda da ita ba yadda aka rubuta ta: a zuba mana kwalta daga bakin hanyar Tanut zuwa ƙofar makaranta, shi ke nan. In hukuma ta ba mu daidai abin da muka roƙa, ba ragi ba ƙari, to mun roƙo wa ƴaƴanmu hanyar da ta fi ta yanzu haɗari.

Dubi layin nan namu da kyau. Miƙaƙƙe ne sak, ba kwana ko ɗaya, kamar duk layukan sababbin unguwanni da aka zana a takarda kafin a aza tubali. Abin da ke hana mota gudu a kansa yau shi ne rairayi da ramuka, wato abin da muke kuka da shi. Ranar da aka shimfiɗa baƙar kwalta, wannan birki ya tafi. Sannan ba mu kaɗai za mu riƙa bin sa ba. Duk direban da ke gudun cinkoson cikin gari, musamman ranar Alhamis da Kasuwar Dole ke ci, zai gane ya samu yanke, kuma mai yanke ba ya da ɗa a wannan makaranta.

Ga lissafin da nake so ka riƙe, don da shi za ka yi gardama a kowane ofis. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda. Daƙiƙar nan kuwa ita ce direba ke ɗauka tsakanin ganin yaro da kai ƙafa kan birki. Kafin motar ta tsaya cik a busasshiyar kwalta, ta ci wajen mita 28. Mai tafiyar kilomita 30 kuwa a wajen mita 13 zai tsaya. Wato a daidai inda mai 30 ya riga ya tsaya yana zagin yaro ta taga, mai 50 bai ma taɓa birki ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a duk inda mutane a ƙasa da ababen hawa ke cakuɗa. Allon gargaɗi kaɗai ba ya sa direba ya bi wannan. Hanya mai faɗi, mai santsi, miƙaƙƙiya, ita da kanta take ce masa taka, ko da an kafa allo goma.

To wa ke bin layinmu da safe? Yara masu zuwa makaranta, mata masu jarkoki, ƴan ga-ruwa da kurarsu, amalanken shanu ɗauke da duro, don kowa ya san yadda ruwa yake a Damagaram in rani ya yi nisa. Ga almajirai, ga awaki. Takardarmu ba ta ambaci inda ɗaya daga cikinsu zai bi ba. In ba a ware gefen masu tafiya a ƙasa ba, a ɗaga shi sama da titin, to kan kwaltar za su hau, don ita ce ba rairayi. Bayan damina guda kuma iska za ta tara yashi a gefe biyu, ɗan kabu-kabu ya guje shi don kada ya kwashe shi, ya koma tsakiya, mai adaidaita ma haka. Hanyar da aka yi wa mota biyu sai ta koma ta ɗaya, kowa yana neman wuri guda.

Amma abin da ya fi hana ni barci ba layin ba ne, mahaɗarsa da hanyar Tanut ce. Wannan ita ce babbar hanyar ƙasa mai lamba 11, wadda ta nufi Agadas. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011, wajen kilomita 50 arewa da gari, mai tace ganga dubu 20 a rana, tankokin mai ta nan suke shigowa, ban da manyan motocin kaya na arewa. Lokacin da aka zana hanyar nan, inda gidajenmu suke gonakin hatsi ne. Direban da ya fito daga arewa idonsa ya saba da daji, bai san ya shigo gari ba sai ya ga yaro a gabansa, kuma tanka cike da mai ba ta tsayawa yadda ƙaramar mota ke tsayawa. Gari ne ya je ya tarar da hanya, amma hanyar har yau ta daji ce: ba fitila, ba wurin tsallakawa, ba abin da ke tilasta rage gudu. Ka tsaya can da almuru ka ga yadda mace mai goyo ke tsallakawa, hannu ɗaya riƙe da wani yaron, tana kallon fitila guda da ke tahowa, ba ta san ko babur ne ko mota ce mai ido ɗaya ba. In muka sa wa layinmu kwalta ba a taɓa mahaɗar nan ba, mun ƙara yawan masu faɗowa cikinta, da gudu kuma.

A nan ne takardar ta yi kuskuren ƙofa. Titunan cikin unguwa aikin hukumar gari ne. Birnin Zinder an raba shi gundumomi biyar, kuma tun watan Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, kantomomi ne ke riƙe da garuruwa. Hanyar ƙasa kuwa ta gwamnati ce, ma'aikatar ayyuka ke da ita, kuɗin gyaranta daga asusun gyaran hanyoyi na FER suke fitowa, inda kuɗin da ake biya a shingen hanya ke shiga. Akwai kuma ANISER, hukumar kiyaye haɗurran hanya. Ka ga kenan takarda biyu muke bukata, kuma kowace ta ambaci ɗayar, don kada wannan ya ce na wancan ne, wancan ya ce na wannan ne, mu kuwa muna tsakiya.

Sai ruwa. A aikinmu kowa ya san ba nauyin mota ke fara kashe kwalta ba, ruwa ne. Ya shiga ta ƙarƙashi, ya jiƙa jar ƙasar da aka daɓe, mota ta taka, rami ya buɗe. Ruwan Damagaram ba yawa gare shi ba, amma a ƴan makonni yake sauka, kan dutse, ba inda zai nutse, sai ya bi gangare yana neman tafki. Wanda ya ga daminar 2024, da tsohon masallacin Birni ya rushe a farkon Satumba, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Hanyar kwalta ana ɗaga ta sama da ƙasa. In an ɗaga ba a yi lambatu ba, ba a sa kwalbati inda ruwan ya saba ratsawa ba, hanyar ta zama madatsa, ruwan ya juya zuwa ƙofar da ta fi ƙasa. Gidajen gangaren layinmu rabinsu na ƙasa ne. Masu su duk sun sa hannu a takardar, ban jin an faɗa musu wannan.

Yanzu bari in taɓa namu, don kada a ce tsoho ya iya ganin laifin hukuma kawai. Waɗanda suka yanka filayen nan sun bar wa layin faɗi mai kyau, turakun siminti na iyaka suna nan ga mai son tonowa. Yau fa? Wannan ya fito da shago, wancan ya haƙa ramin masai a waje, wani ya zube tsakuwa da yashi tun bara yana jiran kuɗin siminti. Rumfar fadarku ma, in an ja igiya, ina zaton butar shayi a kan titi take dahuwa. Ba don in kunyata ka na faɗa ba, dakalin ƙofar maƙwabcina limami ma ya shiga. Kowane taku da muka ci, daga rabon mai tafiya a ƙasa muka ci shi, don in ɗan kwangila ya zo ya tarar da wuri ya matse, ba faɗin mota zai rage ba. Gefen yara zai soke, lambatu ya bi baya.

Na ji kuma kuna cewa in an zuba kwaltar, ku da kanku za ku yi tudun rage gudu, dodan ɗin nan. Niyya mai kyau ce, amma na ga irin waɗanda ake yi da dare bayan an kaɗe wani: a jera duwatsu, a zuba jar ƙasa ko siminti, ya fito gajere mai tsini, ba fenti, ba allo. Babbar mota ta haye shi ba ta ji ba. Wanda yake kayarwa shi ne ɗan kabu-kabun da ya ɗauko mai naƙuda cikin duhu. Ma'aunin da ake bi a Faransa, wanda yawancin ma'aikatanmu suka koya, tsayin santimita 10 ne a kan tsawon mita 4. Doguwar gangara ce da ke sa mota ta rage ba tare da ta jefar da babur ba, da allo tun kafin a iso, da farin fenti, da haske. A gaban makaranta kuwa wanda ya fi shi ne mai shimfiɗaɗɗen kai, wanda yara za su tsallaka a bisansa. In aka sa wannan cikin kwangila tun farko, kuɗinsa kaɗan ne a kan na hanyar. In aka bari sai bayan an yanke ƙyalle an tafa, ba wanda zai dawo dominsa.

Ni da za a bi tawa ma, da pave, wato tubalan siminti da ake jerawa a titi, za mu roƙa wa layin, a bar kwalta ga manyan tituna. Yana rage gudu da kansa saboda gargadarsa. In an zo sa bututun ruwa, wanda dole wata rana a zo, ana ɗaga shi a mayar, ba a bar mana tsagi a tsakiyar titi ba. Kuma da hannu ake buga shi ake jera shi, aikin da ƴan fadarku za su ci abinci a ciki.

Za ka ce, Baba, in muka cika sharaɗi ai sai a kai aikin wata unguwa. Tsoro ne mai dalili. Ƙidayar 2012 ta ba birnin nan mutum sama da dubu 300, kuma kai shaida ne kan yadda ya bazu tun daga lokacin. Manyan ayyukan titi kuwa sukan zo ne da babban biki, kamar Zinder Saboua, bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamban 2018, kuma kuɗin irin wannan biki manyan titunan da baƙi za su bi suke fara nema. Layi irin namu in ya samu sau ɗaya, zai daɗe bai sake samu ba. Wannan ne ma dalilin da ya sa nake so abin da za a yi ya zama daidai tun farko. Kuma ba bara muke ba. Kowane mai gida a nan ya biya kuɗin fili, masu shaguna suna biyan haraji, muna da bakin tambayar wane kaso ne ya dawo unguwa. In kuɗin ba su isa duka ba, ni na yarda a bar mu da jar ƙasa wata shekara, a fara da mahaɗa da lambatu da gaban makaranta.

Ga takardar da zan sa wa hannu, ni ne ma na farko. Ta nemi a nuna wa unguwa zanen hanyar kafin a ba da kwangila, a liƙa shi inda kowa zai gani. Ta nemi gefen masu tafiya a ƙasa da lambatu mai murfi, a kuma faɗa mana inda ruwan zai zuba. Ta nemi wurin tsallakawa a ƙofar makaranta da fitilu masu aiki da hasken rana. Ta biyu kuma ta tafi ga masu hanyar ƙasa kan mahaɗar Tanut. Mu kuma mu rubuta a ciki cewa mun ɗauki alkawarin janye duk abin da muka gina a kan titi, mai unguwa ya zama shaida.

Ka turo mini yara biyu masu natsuwa ranar Asabar da safe, da littafi da biro. Ɗaya ya zauna a mahaɗa ya ƙirga abin da ya wuce daga ƙarfe bakwai zuwa takwas, tanka nawa, babur nawa, yaro nawa ya tsallaka. Ɗayan ya riƙe mini kan igiyar awo mu bi turakun iyaka. Waɗannan alƙaluman za mu haɗa da takardun. In an kai, kada a baro ofis sai an buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin da za mu ajiye.

Allah ya yi maka albarka. Ka gaida mahaifiyarka.

Babanka na unguwa,
tsohon ma'aikacin hanyoyi, Damagaram