Fargabar mai gazawar zuciya tana cikin ciwon da yake fama da shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini domin in yi magana a kan wani hali da nake gani tsakanin Hausawanmu na nan Sudan, musamman tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023. Idan dattijo mai ciwon gazawar zuciya, wato wanda zuciyarsa ba ta iya tura isasshen jini, ya ce gabansa na faɗuwa, ko barci ya gagare shi, sai 'yan uwa su ce masa ya yi tawakkali, wasu ma su ɗora abin a kan raunin imani ko shafar iska. Addu'a abar nema ce a kowane hali, amma wannan hukunci zalunci ne ga maras lafiya, kuma binciken da aka yi a kan dabbobi ya nuna dalili.

A jikin mutum akwai jijiyoyi masu aiki ba tare da umarninsa ba, su ne ke tafiyar da bugun zuciya da faɗi ko tsukewar hanyoyin jini da narkar da abinci. Kashi biyu ne, ɗaya kamar ƙaimi ga doki, ɗaya kamar linzami. Idan zuciya ta kasa tura isasshen jini, ƙwaƙwalwa takan ɗauka jiki yana cikin haɗari, sai kashin farko ya yi ta zuba sinadarin noradiranalin mai hanzarta bugun zuciya, na biyun kuma, wanda babbar jijiyarsa ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya zuwa ƙirji, ya yi sanyi. Da farko wannan yana riƙe jini kada ya faɗi, amma idan ya daɗe sai ya ƙara gajiyar da zuciyar da dama ta gaji. Tun a 1984 Jay Cohn da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa masu gazawar zuciya da wannan sinadari ya fi yawa a jininsu sun fi saurin rasuwa. Waɗannan jijiyoyi kuwa su ne dai ke tashi idan mutum ya firgita, shi ya sa saurin bugun zuciya da gumi da sarƙewar numfashi suke zuwa a ciwon da kuma a tsoro.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne gwajin ɓeraye. Masu bincike sukan ɗaure ɗaya daga cikin jijiyoyin jinin da ke ciyar da zuciyar ɓera, bayan 'yan makonni zuciyar ta raunana kamar yadda ta mutum ke yi bayan toshewar jijiyar zuciya. Daga nan sai a ɗora shi a kan wani dandamali mai tsayi mai hannuwa huɗu, biyu a killace da bango, biyu a buɗe, a lura da inda yake zuwa don a auna tsoronsa. An sha ganin halin irin waɗannan ɓeraye ya bambanta da na lafiyayyu: wasu suna maƙalewa a lungu, wasu suna ta neman hanyar tsira ba su natsuwa, kuma tare da haka bugun zuciyarsu ya rasa ɗan sauyin tazarar da ake samu tsakanin bugu da bugu a lafiyayyar zuciya. Ɓera bai san sunan ciwonsa ba, ba ya tunanin kuɗin magani ko 'ya'yan da suka yi gudun hijira, amma duk da haka firgicin ya bayyana, domin daga jiki ya taso.

Ba na cewa duk abin da aka gani a ɓera zai tabbata a mutum. A 2004 masu bincike a Japan sun tsawaita rayuwar ɓeraye ta hanyar motsa waccan jijiya ta wuya da lantarki, amma babban gwajin da aka yi a kan mutane, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2016, bai rage mace-mace ba. Magungunan da ke rage kaifin noradiranalin a kan zuciya, irin su bisoprolol da carvedilol, su ne suka tabbata, don a gwaje-gwajen 1999 zuwa 2001 sun rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku.

A nan ne damuwata take. Magani ya yi wuya a garuruwa da yawa, kuma wanda ya saba shan irin wannan ƙwaya, idan ya yanke ta farat ɗaya, bugun zuciyarsa kan tashi da ƙarfi, fargabar ta ninku. Ina kira ga masu jinya su nemi likita tun kafin maganin ya ƙare domin a tsara yadda za a yi, kuma idan sun je su faɗi rashin barcin da faɗuwar gaban kamar yadda suke faɗin kumburin ƙafa da haki. Malamanmu na masallatai ma, waɗanda su ake fara kai wa irin wannan kuka, ina roƙon su riƙa haɗa addu'arsu da tura mutum asibiti.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Mai Wurno, Sudan