Barka da Sallah daga Cape Town, da amsar Baba kan koriyar riga

Cape Town, Litinin 17 ga Yuni, 2024

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga Baba da Inna da duk mutanen gida. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kun yi Sallah lafiya. Allah ya karɓi layyarmu da taku, ya maimaita mana. Ku jiya Lahadi kuka sauko Idi, mu sai yau, don malaman nan da ganin watansu suke aiki. Muna tsakiyar hunturu, ga ruwa ga iskar teku, sai da kowa ya ɗora rigar sanyi a kan kayan Sallah. Ragon kuma a wata gona ta bayan gari muka yanka, tunda a gidajen hayar nan ba a yanka a ƙofar gida. Surukarku tana can tana suya, ta ce in miƙa gaisuwarta.

Baba, Allah ya ƙara maka lafiya. Yaya ya gaya min hoton takwaranka da na tura bai kwanta maka a rai ba. Ya ce ka daɗe kana kallon koriyar rigar nan mai hoton barewa a ƙirji, sannan ka ce ashe jikanka ne zai sa rigar mutanen da aka taɓa yankar albashinku don a yaƙe su. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na bari sai yau da babu aiki in zauna in rubuto.

Gaskiyarka ce game da asalin rigar. Ta ƙungiyar zari-ruga ce ta ƙasar nan Afirka ta Kudu, wadda ake kira Springboks. Inna ba ta san wasan ba: mutum goma sha biyar ne kowane ɓangare, ƙwallon mai tsawo kamar gwanda, a rungume ta a ruga, abokin hamayya ya kamo mutum ya kayar. A zamanin wariyar launin fata, Turawan Afrikaner sun ɗauki wasan nan tamkar tutar mulkinsu, kuma sai a 1981 wanda ba fari ba ya fara buga wa ƙungiyar wasan ƙasa da ƙasa, wato Errol Tobias. Babban abokin karawarsu tun 1921 shi ne New Zealand, waɗanda ake kira All Blacks saboda baƙaƙen kayan da suke sawa. A cikinsu akwai Maori, asalin mutanen ƙasar, kuma suna cikin gwanayen wasan. Amma da za su zo nan a 1928 da 1949 da 1960, sai aka bar Maori a gida don kada a ɓata wa masu masauki. Ko George Nepia, wanda duniya ta san bajintarsa, bai samu zuwa ba a 1928. A 1960, shekarar da aka harbe mutum 69 a Sharpeville, mutum fiye da dubu 150 a New Zealand suka sa hannu cewa in ba Maori to a fasa tafiyar. Aka yi kunnen uwar shegu da su, aka tafi. Da aka bar su suka shigo a 1970, sai da gwamnatin nan ta ba su matsayin farare na aro, don su iya kwana a otal ɗaya da abokan wasansu. Sai a 2010 hukumomin wasan na ƙasashen biyu suka nemi gafarar Maori.

Sai kuma shekararku ta yankan albashi, 1976. Jiya 16 ga Yuni ita ce ranar tunawa da ɗaliban Soweto da 'yan sanda suka buɗe wa wuta saboda sun ƙi a koyar da su da harshen Afrikaans. Da yake ta faɗo Lahadi, yau ne hutun, ya zo daidai da Idinmu. Ko jinin yaran nan bai gama bushewa ba New Zealand ta turo 'yan wasanta suka zagaya ƙasar suna buga zari-ruga, da yardar firaministansu Robert Muldoon. Ƙasashen Afirka suka ce a kori New Zealand daga gasar Olamfik ta Montreal, hukumar gasar ta ce ai zari-ruga ba ya cikin wasanninta. Sai ƙasashe fiye da ashirin suka janye, da Najeriya da Nijar da Ghana da Chadi da Sudan a ciki. 'Yan wasanmu sun riga sun isa Kanada, har da ƙungiyar ƙwallon ƙafa, aka ce su haɗo kayansu su dawo. Mutum ya yi shekara huɗu yana shiri, wani ba zai ƙara samun damar ba har abada. Wani ɗan Najeriya, Abraham Ordia, shi ke shugabancin majalisar ƙoli ta wasannin Afirka a lokacin. A 1978 ma Najeriya ta ƙi zuwa gasar ƙasashe renon Ingila a Edmonton, duk saboda New Zealand.

Abin da nake son ka sani, Baba, shi ne wannan matsin bai tafi a banza ba, ya shiga har cikin gidajen mutanen New Zealand. Da Springboks suka je can a 1981, ƙasar ta rabu biyu, wa da ƙane ba sa ga maciji. A garin Hamilton ranar 25 ga Yuli, masu zanga-zanga suka karya shinge suka tsaya a tsakiyar fili har aka soke wasan, kuma Turawan nan suna kallo a talabijin. A wasan ƙarshe a Auckland wani ya tuƙo ƙaramin jirgin sama yana ta jefo ƙullin fulawa a kan 'yan wasa. Daga nan ƙofofi suka yi ta rufuwa, ba a gayyaci Afirka ta Kudu gasar cin kofin duniya ta 1987 da ta 1991 ba. Dattawan nan suna cewa a wurin Bature ɗan Afrikaner, hana shi karawa da All Blacks ya fi takunkumin ciniki ciwo, kuma na yarda da su.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, Musulmi ɗan asalin garin nan, tare muke sallar asuba. An tashe su daga unguwar District Six yana yaro, bayan an ayyana ta ta farare a 1966, aka watsa su can bayan gari. Shi ya fara nuna min cewa zari-ruga ba na Turawa kaɗai ba ne tun fil azal. Musulmin unguwar Bo-Kaap suna da kulob-kulob ɗinsu tun kaka da kakanni, haka 'yan ƙabilar Xhosa a Gabashin Cape, sai dai su a filayen tsakuwa suke bugawa, jarida ba ta kawo labarinsu. Ya ce in sun je filin Newlands, can bayan raga ake killace su, su kuma duk baƙon da ya zo shi suke yi wa tafi. Har yau dattijon nan All Blacks yake goyon baya, da shi da jama'a masu yawa a garin nan. Jikokinsa na cikin koriyar riga, shi yana cikin baƙa, a falo ɗaya. Wasu na zagin irinsu da cewa ba su da kishin ƙasa. Ni ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Wanda aka rushe gidan ubansa yana gani, ba ni zan sa masa ranar hucewa ba.

To me ya sa na bar yaron ya sa rigar? Saboda ta sauya hannu, kuma ba kyauta aka ba da ita ba. Bayan 1994 da yawa a jam'iyyar ANC sun so a soke alamar barewar gaba ɗaya. Mandela ya hana. Ranar 24 ga Yuni 1995 ya shigo filin Ellis Park sanye da ita, mai lamba 6 irin ta kyaftin Francois Pienaar, ranar da suka doke New Zealand da ci 15 da 12 a wasan ƙarshe na kofin duniya. Amma a ranar mutum ɗaya ne ba fari ba a cikin 'yan wasan, Chester Williams, kuma shekara uku bayan nan shugabannin wasan suka ja Mandela har gaban kotu saboda ya kafa kwamitin binciken wariya a hukumarsu. An sha rigima kan adadin baƙaƙen da dole a sa, ana yi wa yara masu hazaƙa gorin cewa launinsu ne ya ba su gurbi. Sai a 2018 aka naɗa Siya Kolisi kyaftin, baƙar fata na farko, yaron da ya tashi cikin yunwa a unguwar Zwide. An haife shi 16 ga Yuni 1991, shekara goma sha biyar cif bayan Soweto. Ya ɗaga kofin duniya a Japan a 2019, ya sake ɗagawa a Faransa bara, da suka ci New Zealand 12 da 11. Daren nan unguwarmu ba a yi barci ba. Takwaranka rigar Kolisi ya roƙa, kuma kafin in saya sai da na zaunar da shi na ba shi labarin Montreal da na albashin kakansa. Yanzu shi yake gaya wa abokansa a makaranta.

Ba na cewa komai ya gyaru. Shi kansa Kolisi sai da ya samu tallafin karatu a Grey, tsohuwar makarantar farare, kafin a san da shi, kuma yawancin baƙaƙen da ke ƙungiyar ta irin wannan ƙofa suka bi. Makarantun unguwannin talakawa da yawa ba fili, ba koci, wani yaron ma bai karya ba balle ya yi gudu. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a harkar, don ana ɗauko ɗaya a bar dubu.

Akwai kuma abin da ya shafe mu baƙi. A watan Satumba 2019, watan da aka fara gasar Japan, aka ƙona shagunan baƙi a Johannesburg har sai da jirgi ya zo ya kwashe ɗaruruwan 'yan Najeriya. Ni ma an taɓa ce min a tashar mota in koma inda na fito, kuma mai faɗin baƙar fata ne kamata, matashi, bai san komai game da 1976 ba. Abin ya yi min zafi, har yanzu ma in na tuna yana yi. Amma dattawansu sun sani. Maƙwabcin nan nawa, ranar da ya ji daga inda nake, riƙe hannuna ya yi ya daɗe bai saki ba. Ya ce in gaishe ka, kuma yau da muka fito masallaci ya sake tuna min.

All Blacks za su zo ƙarshen Agusta, wasa ɗaya a Johannesburg, ɗaya a nan ranar 7 ga Satumba. In Allah ya hore kuɗin tikiti zan kai yaron tare da dattijon, kowa da rigarsa. Baba, in har bayan wannan bayani ranka bai so ba, ka faɗa min, zan sa ya ajiye ta. Maganarka ce gaba.

Inna, na tura saƙo ta hannun Yaya, a cire kuɗin takin gona, sauran a ba Gwaggo da yaran marigayi Kawu goron Sallah. A gaya min ko ruwa ya zauna an yi shuka, da kuma yadda ƙafarki take. In an samu mai tahowa, surukarku na roƙon daddawa da kuka da ɗan yaji, namu sun ƙare tun azumi. A gaida Liman da maƙwabta da autarmu, a ce mata ina jiran sakamakon jarrabawarta. A ci gaba da sa mu a addu'a.

Wassalam,
Ɗanku.