Barka da Sallah daga Abersoch

Assalamu alaikum Baba da Inna. Barkanku da Sallah, Allah Ya maimaita mana.

Ina nan lafiya ƙalau. Da sassafe muka kama hanyar birnin Bangor, tafiyar wajen awa ɗaya a mota, don nan ƙauyen Abersoch, a yankin Wales na Birtaniya, babu masallaci. Muka yi Idi, na dawo na tarar da gari yadda na bar shi, ba wanda ya san yau Sallah ce. Lokacin bazararsu ne, baƙi daga Ingila sun cika bakin teku. Ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska sun fita da fararen filafilansu, sun nufi tsibirai biyun nan na Sant Tudwal. Wasu kuma sun tafi gaɓar tekun Porth Neigwl hawan igiyar ruwa a kan allo. Wallahi Inna, na ga yara da ba su kai Auta ba suna sarrafa jirgi su kaɗai, ruwan ga sanyi kamar na randa da hunturu. Abin gwanin sha'awa. 'Yan garin mutanen kirki ne, suna da yarensu daban da Turanci, kuma sun riƙe shi gam.

Amma layya ce ta tsaya mini a rai. Tumakin Wales sun ninka mutanenta kusan sau uku, ta taga ma ina hango su a kan tudu, sai dai doka ba ta yarda mutum ya yi yankan layya a tsakar gida ba, sai a mayanka. Babu fiɗa, babu ƙaurin babbakar kai da ƙafa. Yanzu na san an soya kayan ciki, Inna ta ware wa Baba hantarsa, gobe kuma a ɗora babban kasko, yara na kai kawo da kwanukan rabo. Ƙurar suyar nan da ke kwantawa ƙasan kasko, wadda muke dambe a kanta da Yaya, yau da zan samu ko cokali ɗaya ne da na gode Allah. Na soya nama a ɗakina, bai kama ƙafar naku ba.

A gaishe da Kawu da iyalinsa, da Yaya, da maƙwabta duka. Gwaggo kuwa, a je har ɗakinta a faɗa mata ina gaishe ta da kyau, ina tambayar ƙafarta, kuma kar ta daina sa ni a addu'a. Auta, kin sami goron Sallarki? Ki turo mini hoton lallenki.

Inna, a ajiye mini dambun nama, in an sami mai tahowa.

Ɗanku.