Rahoton Ayyukan Shekara: Aikin Kanel da Injinan MIPS

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi.

Kwamitin gudanarwa na gabatar muku da bayanin abin da ƙungiya ta yi a shekarar da ta ƙare. Tarukan wata-wata sun gudana, ban da na watan azumi da aka ɗage. Ajin koyar da Linux ga sababbin shiga ya ci gaba, ma'aji kuma zai karanta lissafin kuɗi da kansa a zauren taro. Amma abin da ya cinye mana shekarar shi ne matsalar manhajojin da suka ƙi tashi a kan injinan MIPS, wato na'urori masu amfani da salon furosesa na MIPS, don haka a kanta za mu daɗe.

Korafin ya fara zuwa daga masu haɗa manhaja da hannunsu. Mutum ya gina shirinsa lafiya lau, ya ɗora, sai kanel, wato zuciyar Linux mai loda shirye-shirye, ya mayar masa da kuskuren ELIBBAD, wanda saƙonsa ke cewa laburare, wato fayil ɗin ayyukan da shirye-shirye ke amfani da shi tare, ya lalace. Wasu sun sake sauke fayiloli, wasu sun zargi katin ajiya, har da wanda ya sayi sabo. Babu abin da ya lalace. A ganin kwamiti wannan saƙo ɓatar da mutane yake yi, kuma shi ya ja mana asarar lokaci fiye da matsalar kanta.

Ga asalin abin. Sashen da ke lissafin lambobi masu ɗigo a MIPS yana da rajista 32, kuma yana aiki a ɗaya daga yanayi biyu. A FR=0 kowace rajista bit 32 ce, sai an haɗa biyu maƙwabta kafin a riƙe lamba mai bit 64. A FR=1 kowace ɗaya bit 64 ce ita kaɗai. Shirin da aka gina don yanayin farko, in aka sake shi a na biyu, zai nemi rabin lambarsa a inda ba ta nan, ya ba da amsar ƙarya ba tare da ya faɗi ba. Shi ya sa tun daga Linux 3.19 kanel ke duba alamar da ke sashen .MIPS.abiflags na fayil ɗin ELF, wato fayil ɗin shirin, kafin ya loda shi. Yana karanta ta shirin, ya karanta ta mai loda laburare, wato ld.so, ya nemi yanayin da su biyun za su yarda da shi. In babu, ya ƙi. Duk wannan hukunci yana cikin fayil guda, arch/mips/kernel/elf.c, kuma ƙaramin kwamitin fasaha ya bi shi layi-layi yana saka printk, umarnin da ke sa kanel ya buga saƙo, har ya ga inda ake yanke shi.

A yawancin rahotannin da muka bincika, shirin FP64, mai buƙatar FR=1, ne ya haɗu da ld.so na tsohon salon FP32, wanda aka gina don FR=0. Waɗannan biyun ba su da mahaɗa. FP64A kuwa, wani nau'in FP64, yana iya zama da tsohon salo ta yanayin FRE, inda kanel ke tare wasu umarnai ya kwaikwaye su, in injin ya san FRE ɗin. Tafiyar tana da nauyi, amma tana yi. Wannan hanya ta zama dole ne saboda MIPS Release 6 na 2014 ya cire FR=0 gaba ɗaya.

Wata matsalar ta ɓuya a bayan wannan, ta alamar NaN, wadda ke nuna sakamakon lissafin da ba lamba ba ne. Tsofaffin injinan MIPS suna rubuta ta saɓanin yadda ƙa'idar IEEE 754 ta 2008 ta tsara. In salon shirin bai dace da na injin ba, kuskuren ENOEXEC ake samu. In kuwa shirin da ld.so ne suka saɓa, ELIBBAD ɗin nan ne dai ke dawowa, cuta biyu da alama ɗaya. Akwai zaɓin ieee754=relaxed da ake ba kanel lokacin tashi, tun Linux 4.5, wanda ke kawar da kai daga binciken injin. Mun gwada shi a QEMU, manhajar da ke kwaikwayon inji, amma ba mu ba kowa shawarar barinsa a kan injin da ake dogaro da lissafinsa.

Masu tsofaffin na'urorin rarraba intanet da ke kan OpenWrt, wato Linux ɗin irin waɗannan na'urori, kamar masu furosesar MT7621, ku kwantar da hankalinku. Waɗannan ba su da sashen lissafin ma sam, manhaja ce ke yin aikin.

Kwamiti ya tsayar da cewa duk abin da ƙungiya za ta rarraba na o32, wato tsarin shirye-shiryen MIPS masu bit 32, a gina shi da zaɓin -mfpxx, wanda ke tafiya a FR=0 da FR=1 duka, kuma kayan gini GCC 5 da binutils 2.25 zuwa sama sun san shi. Wanda zai kawo ƙorafi kuma ya haɗo da sakamakon umarnin readelf -A, mai nuna alamar fayil, na shirinsa da na ld.so, tare da lambar sigar kanel ɗinsa. Ba za a duba ƙorafin da ya zo babu su ba.

Abin da ke gabanmu ba mai daɗi ba ne. Debian 13, sigar Linux ɗin Debian da ta fito a 2025, ta daina tallafa wa mipsel, reshenta na MIPS mai bit 32, don haka kula da kayan gini ya dawo wuyanmu. Muna neman mambobin da za su ɗauki wannan nauyi, da wanda zai ba da aron inji mai Release 6, domin duk gwajin FRE da muka yi a kwaikwayo ne. Mai sha'awa ya ba sakatare sunansa kafin a tashi taro.

Wassalam,
Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa