Wasiƙa zuwa ga 'yata kafin ta fara aiki da asid

Assalamu alaikum, Mamana.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya sanyin Bauchi? Nan Gombe kowa lafiya lau. Da kika ce min wannan zangon za ku fara gwaji da asid mai ƙarfi a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai na ga maganar ta fi ƙarfin waya, gara in rubuta ki ajiye. Malamanku za su karanta muku dokoki, amma akwai abin da zai yi musu nauyin faɗa wa 'ya mace, ni kuwa ba zai yi min ba.

Ki fara sanin asid ɗin da ake kira salfurik, don shi ne babba. Ruwan batirin mota da kika san yana huda zani, shi ne, amma an sirka shi har ya koma kusan kashi ɗaya bisa uku. Wanda za ki tarar a kwalba kashi 98 cikin ɗari ne, ba shi da launi, nauyinsa kuma ya kusa ninka na ruwa. Idan aka zuba ruwa a kansa, ruwan a sama yake tsayawa, zafin da haɗuwarsu ke fitarwa ya tafasa shi nan take, ya fantsamo fuska, kamar yadda ɗigon ruwa ke yi in ya faɗa man suyar ƙosai. Saboda haka kullum asid ake zubawa cikin ruwa, kaɗan-kaɗan, ana motsawa da sandar gilashi. In kin ji kofin gilashin ya ɗau zafi, ki dakata ya huce, ko da 'yan rukuninku suna azalzalarki.

Sai asid ɗin haidirokulorik da na naitirik. Haidirokulorik mai ƙarfi, wajen kashi 37 cikin ɗari, da an buɗe shi yake hayaƙi, ya shaƙe hanci da maƙogwaro. Naitirik kuwa yana mai da fata ruwan ɗorawa, kuma in ya haɗu da jan ƙarfe yakan fitar da hayaƙi mai ruwan ƙasa. Wannan hayaƙin ya fi ba ni tsoro, domin mutum zai shaƙa ya koma ɗaki garau, sai bayan sa'o'i numfashi ya fara gagara. In kin shaƙe shi, ki je asibiti ko ba ki jin komai. Su biyun a cikin akwatin zuƙe hayaƙi ake buɗe su, akwatin kuwa da lantarki yake aiki. Da an ɗauke wuta, ki rufe kwalba ki ja baya har a ta da janareto. Kada ki taɓa zuƙar fifet, wato siririn bututun da ake ɗibar ruwan gwaji da shi, da baki, ko kin ga na gaba da ku suna yi, akwai robar da aka yi don haka. Kada ki zuba ragowar naitirik a kwalbar shara ɗaya da sinadaran etanol ko asiton, gas zai taru ya fasa ta. A ɗakin kwananku ma, kada kowa ta haɗa bilic da ruwan wanke banɗaki mai asid, gas ɗin kulorin mai guba yake bayarwa.

Sai maganar sutura. Dogon hijabin nan da kike so, ki cire shi a bakin ƙofa ki sa ƙarami na auduga, ki cusa shi cikin farar rigar aiki, ki ɓalla maɓallai har wuya. Na sha ganin bakin hijabi ya share kwalba daga kan tebur. Takalmi rufaffe, ba silifas ba. Zobe da awarwaro ki bar su a jaka, asid yana maƙalewa a ƙarƙashinsu. Gilashin kariya kuma ko yana gumi, ko ƙawaye sun ce ya ɓata miki kwalliya, kada ki ɗaga shi goshi.

Abin da ya sa ni ɗaukar biro shi ne wannan. Lokacin da nake koyarwa, wata ɗalibata asid ya zubo mata a cinya ta saman siket. Ta yi shiru. Akwai malami namiji a ɗakin, ga tsoron faɗa, sai ta daure har aka tashi, ta je ta shafa makilin. Tufar da ta jiƙe ta ci gaba da riƙe asid ɗin a jikin fata, abin da ruwa zai rage sosai ya zama ƙunar da ta kwantar da ita asibiti. Har yau ina jin zafin abin. Yarinya ce mai tarbiyya, kunyar da muke yabo ita ce ta cuce ta.

Don haka ki saurare ni da kyau, Mamana. In ya taɓa ki, ki ɗaga murya ki faɗa, ki ruga famfo. Ruwa mai gudu, mai yawa, aƙalla minti 15, ki sa wata ta duba agogo domin mai jin zafi ba ya iya ƙiyasta lokaci. Duk tufar da ta jiƙe ki cire ta ana cikin zuba ruwan, hijabi ne ko siket, ko wa ke wurin. Ƙawarki ta kare ki da mayafi, maza su fita. Addini bai ce ki ƙone don ki rufe jiki ba, larura tana da hukuncinta, ni da Babanki kuma mun yarje miki tun yanzu. In ido ne, ki buɗe fatar idon da yatsu, ki karkata kai yadda ruwan ba zai gangara cikin ɗayan ba. Ban da manja, ban da ɗanyen ƙwai, ban da makilin. Hodar soda da ake barbaɗawa in asid ya zube, ta tebur ce da ƙasa, ba ta fata ba. In an haɗiye shi, kada a sa mutum amai, zai sake ƙona maƙogwaro a hanyar fitowa. Bayan wankin, a wuce asibiti, a gaya wa likita sunan asid ɗin.

Kin san halin ruwan famfo a garuruwanmu. Kullum kika shiga, kafin ki taɓa kowace kwalba, ki murɗa famfo ki ga yana zuwa. In babu, ki gaya wa ma'aikacin ɗakin da ladabi a kawo bokiti cike a ajiye kusa. Ki girmama ma'aikatan nan, sun fi kowa sanin abin da ke cikin kowace kwalba, kuma kada ki taɓa wadda ba ta da rubutu a jiki.

Na ba Kawunki gilashin kariya da kwalin safar hannu, zai biyo ta Bauchi ranar Asabar. Ki gwada gilashin, in bai kama fuskarki ba ki faɗa min a canzo. Ki kira ni bayan gwajinku na farko. Babanki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya tsare min ke, ya yi miki albarka.

Ummanki.